Zuciyar Bakwaini: Hangen Dala Daga Morai

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da maganar taki da noman rani, amma ina roƙon a yi mini uzuri. Wani al'amari ya taso a cikin danginmu wanda ya hana ni sukuni, kuma da na yi ta jujjuya shi sai na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba, domin na tabbata akwai gidaje da yawa daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun da ke ɗauke da irinsa ba tare da sun san sunansa ba.

Shekara huɗu da suka wuce, ana tsakiyar hunturu, ƙanwata da ke aure a Morai ta haihu cikin dare, cikin yana wata bakwai. Ungozoma ta karɓi 'yar jaririya wadda tafin hannu biyu ya ishe ta shimfiɗa. Babu wanda ya kawo maganar fita a wannan dare, domin duk wanda ya san yankin ya san abin da ake tsoro a hanya bayan faɗuwar rana. Uwar mijin ta sa aka ɗauko auduga aka naɗe yarinyar, aka hura gawayi a kasko, aka zauna jiran asuba. Da gari ya waye aka kai su wani asibiti, aka ɗora ta a sikeli, ta yi kilo ɗaya da giram 300. Kwalba ɗaya ce ke aiki, da jarirai biyu a ciki, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Wata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka mata da alheri, ta kwance audugar, ta manna yarinyar a ƙirjin uwarta fata da fata, ta ɗaure su da zane, ta ce kada a raba su ko da dare. A haka aka yanka ragon suna suna kwance a asibiti. Ranar da aka sallame su, tsohuwar ta dubi jikarta ta ce, "Wagga ɗiya na da sauran shan ruwa." Tun daga lokacin a gida ake ce mata 'Yar Auduga.

Ta rayu, amma ba ta yi girman sa'o'inta ba. Tun tana goye takan yi gumi sharkaf wajen shan nono, ta saki ta huta, ta sake kamawa. Numfashinta sama-sama, tari ba ya yi mata nisa, limoniya kuwa ta kwantar da ita ya fi sau uku. An ce haƙori ne, an ce shawara ce, an ce tamowa, an ce iska. An sha jiƙe-jiƙe, an sha maganin kemis. Sai a watan jiya wani matashin likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta ta hagu, ya daɗe bai ɗaga ba, sannan ya miƙo mini ya ce, "Baba, saurara ka ji." Na sa a kunne. A bayan bugun zuciyar akwai wani gurnani da ba ya yankewa, kamar injin niƙa daga unguwa mai nisa. Ya rubuta mana takarda zuwa birni domin a ɗauki hoton zuciya na eko. Hoton ya nuna abin da ya zata: wata jijiya da ya kamata ta rufe tun tana 'yar kwana uku a duniya har yanzu a buɗe take.

A bakin jama'a duk irin wannan lalura sunanta ɗaya, huji a zuciya. To amma iri-iri ce, kuma wannan ma ba a cikin zuciyar take ba, a bakin ƙofarta take. Bari in kwatanta da abin da mutanen yankinmu suka fi kowa sani, wato ruwan Bakolori. Mai noman rani ya san akwai babbar hanyar ruwa, akwai ƙananan magudanai da ke shiga gonaki, akwai kuma ƙofofin da ake buɗewa da rufewa. Jariri a cikin mahaifa ba ya numfashi da huhunsa, iskar da yake buƙata daga mabiyiya take zuwa masa. Huhun nan kamar gona ce da ba a shuka ba, ba ta buƙatar ruwa mai yawa. Saboda haka Mahalicci Ya yi wata gajeriyar magudana da ta haɗa jijiyar da ke zuwa huhu da babbar jijiyar da ke raba jini ga dukkan jiki, domin jinin ya kewaye huhun ya wuce. Da zarar jariri ya faɗo ya yi kukan farko, huhu ya buɗe, iska ta shiga, sai magudanar nan ta fara tsukewa da kanta, cikin kwana biyu zuwa uku ta rufe.

Wannan ga jaririn da ya cika watanninsa ke nan. Shi kuwa bakwaini, naman jijiyar bai ƙosa ba, bai iya amsa umarnin rufewa yadda ya kamata. A cikin jariran da aka haifa kafin mako 28, fiye da rabi sukan wuce kwanakin farko da ita a buɗe. Sai ruwa ya juya baya. Jinin da ya kamata ya tafi hanji da ƙoda da ƙwaƙwalwa ya riƙa komawa huhu, gonar gaba ta yi ambaliya, ta baya ta bushe, zuciya kuma ta zama injin ban-ruwa da ke aiki ninki biyu a kan ruwa ɗaya. Idan ƙofar ƙarama ce, mutum na iya girma da ita bai sani ba. Idan babba ce, yaro ba ya ƙiba, ƙirjinsa ba ya rabuwa da ciwo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayanin da likitan ya yi mana a ƙarshe: idan aka bar babbar ƙofa shekara da shekaru, jijiyoyin huhu sukan yi kauri su ƙandare saboda matsin jini, kuma idan suka kai wani matsayi ba sa komawa, rufe ƙofar a lokacin ma haɗari ne. Wato lalura ce mai magani, amma maganin yana da wa'adi.

Da na dawo gida na shiga karatu, kamar yadda duk wanda abu ya ci wa tuwo a ƙwarya yake yi. Tarihin yaƙi da wannan 'yar jijiya ya ba ni mamaki. A ranar 26 ga Agusta, 1938, wani matashin likita mai suna Robert Gross a asibitin yara na Boston da ke Amurka ya buɗe ƙirjin wata yarinya 'yar shekara bakwai ya ɗaure jijiyar da zare. Ya jira sai da maigidansa, William Ladd, ya tafi hutu sannan ya yi, domin ya san ba zai yarda ba. Yarinyar ta warke, ta rayu har ta ga jikoki, kuma da wannan aiki ake fara lissafin tiyatar zuciyar yara. Kafin wannan da shekara tara, a 1929, wani Bajamushe ɗan shekara 25, Werner Forssmann, ya zura siririn bututun roba ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto domin ya kafa hujja. Manyansa suka ɗauke shi mai wasa da rai, har ya rasa gurbinsa a Berlin. A 1956 aka ba shi kyautar Nobel. Wannan bututu shi ne likitoci ke kira kateta. A 1967 wani Bajamushen, Werner Porstmann, ya haɗa dabarun biyu, ya toshe jijiyar ta hanyar kateta ba tare da tsaga ƙirji ba. Sai dai kayan aikinsa masu kauri ne, manya da yaran da suka tasa kaɗai ke iya ɗauka.

Bakwaini ya daɗe yana jira. Daga 1976 aka gano cewa wasu magungunan kashe zafi, irin su indometasin, daga baya kuma ibufurofen da farasitamol, suna iya tsuke jijiyar, amma ba kullum suke ci ba, kuma wasunsu sukan taɓa ƙoda da hanji. Idan magani ya gaza sai wuƙa: a tsaga tsakanin haƙarƙarin halittar da ba ta kai kilo ɗaya ba, a matsar da huhu gefe, a ɗaure. Ana yi ana dacewa, amma wasu sukan fito da shanyewar igiyar murya, wasu jikinsu ya rikice bayan aikin.

A watan Janairun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura ta kamfanin Abbott mai suna Amplatzer Piccolo, wadda ta samo sunanta daga Kurt Amplatz, likitan hoto ɗan asalin Ostiriya da ya yi aiki a Jami'ar Minnesota. An amince a sa ta ga jaririn da ya kwana uku a duniya kuma ya kai giram 700. Mai karatu ya ɗauki ledar fiya-wata ɗaya da rabi a hannunsa, to ta fi wannan jariri nauyi. Ita na'urar ba ta kai ƙwayar wake ba. Saƙa ce ta zaren ƙarfe, gamin nikel da titaniyom, mai siffar kwarkwaron zaren tela, kuma ƙarfen yana da wata ɗabi'a: ko an miƙar da shi an cusa a bututu, da ya fito sai ya koma siffarsa ta asali. Likita yakan huda jijiya a matsematsin jariri, ya zura katetar da ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, ya bi da ita ta cikin ɓangaren dama na zuciya har bakin magudanar, yana kallo a allon hoto. Can zai turo na'urar ta buɗe ta zauna daram, ya duba da eko ya tabbatar ba ta tare hanyar huhu ko babbar jijiya ba, sannan ya sake ta ya janye bututun. Daga baya naman jiki ya bi ta kanta ya lulluɓe. A gwajin da aka yi wa yara 200, waɗanda rabinsu ba su wuce kilo biyu ba, an yi nasarar dasa ta a fiye da kashi 95 cikin ɗari. Ba a ce babu haɗari ba. Takan zame ta bi jini sai an kamo ta, kateta kan ji wa murfin zuciya rauni, kuma fitar da irin wannan jariri daga kwalba zuwa ɗakin aiki kaɗai ma jarrabawa ce.

Na karanta wannan duka ina tasbihi. Malaman fiƙihu tun ƙarnonin farko sun tsayar da cewa mafi ƙarancin cikin da za a haifa ya rayu shi ne wata shida, ga shi yau ilimin likita yana aiki a daidai wannan iyaka, yana shiga zuciyar da ba ta fi ɗan yatsa ba ya gyara ya fito. Wanda bai yi mamakin wannan ba, ban san abin da zai ba shi mamaki ba.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da na rufe littattafan sai tambaya ta tsaya mini: a ce yau an ba mu kwali guda na wannan na'ura kyauta an ajiye a Talata Mafara, bakwaini nawa za ta ceta? Jaririn giram 700 da ake yi wa wannan aiki a Amurka an haife shi ne a ɗakin da wuta ba ta ƙiftawa, aka sa masa injin numfashi a mintin farko, aka ba shi maganin buɗe huhu, ana ciyar da shi ta jijiya, da ma'aikaciyar jinya a kansa dare da rana. Na'urar ita ce rufin ginin. Jaririn giram 700 da aka haifa a ƙauyen Maradun cikin dare, sanyi da wahalar numfashi ne ke gamawa da shi kafin a kira sallar asuba, ba wanda zai taɓa sanin ko jijiyarsa ta rufe ko ba ta rufe ba. Ana ta kai, wa yake ta kaya?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna an haifi jarirai miliyan 13 da dubu 400 kafin lokacinsu a shekarar 2020, kuma Nijeriya ce ta uku a yawa bayan Indiya da Pakistan, da sama da dubu 770. Matsalolin haihuwar bakwaini su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya. Mafi yawan waɗannan jarirai kuma ba 'yan giram 700 ba ne, irin 'Yar Auduga ne, 'yan wata bakwai da takwas, waɗanda abin da ke tsakaninsu da rayuwa bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma wani abin da masu tallar na'urori ba su cika faɗa ba. Su kansu likitocin Turai ba su gama daidaita baki a kan wane bakwaini ne ya kamata a rufe wa jijiyar da wuri ba. A ƙarshen 2022 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Holan da Beljiyam da Denmak a kan jarirai 273 da aka haifa kafin mako 28. An ba rabi ibufurofen da wuri, aka zuba wa rabi ido ana kula da su, sai ga shi waɗanda aka zuba wa ido ba su fi sauran shan wahala ba. A farkon 2024 wani gwajin a Birtaniya, mai jarirai sama da 600, ya nuna ba da maganin da wuri bai rage mutuwa ko ciwon huhu ba. Da yawa jijiyar kan rufe da kanta idan jaririn ya samu ya rayu ya yi ƙwari. Wannan bai rage darajar kateta ba, domin akwai waɗanda ƙofarsu babba ce, suka kasa rabuwa da injin numfashi, su ne masu ita. Amma ya nuna cewa ko a can, babban aikin shi ne riƙe ran jaririn.

Riƙe ran nan kuwa, an gwada hanyoyinsa a ƙasarmu, ba labarin ƙetare ba ne. Abin da ma'aikaciyar nan ta yi wa ƙanwata dabara ce da likita Edgar Rey ya fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalabe suka yi musu kaɗan. A 2021 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci biyar a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Nijeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya wakilce mu. Jarirai masu nauyin kilo ɗaya zuwa ƙasa da kilo ɗaya da giram 800 da aka manna a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, ba a jira sun farfaɗo a kwalba ba, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. An tsayar da gwajin kafin wa'adinsa saboda bambancin ya fito fili. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawara ga kowa. Mu da muka gaji goyo kaka da kakanni, abin da ake nema a wurinmu shi ne a juyo da goyon daga baya zuwa ƙirji, a cire riga a tsakani. Uba ma yana iya karɓa, kaka tana iya karɓa. Na faɗi haka a majalisarmu aka yi mini dariya, wani ya ce namiji da goyo sai ka ce ɗan daudu. Na ce masa wanda ya iya rungumar ɗan akuya ranar sanyi don kada ya yi asara, bai kamata ɗansa ya gagare shi ba.

Haka nan allurar desametazon da ake yi wa mai cikin da naƙuda ke neman kamawa kafin lokaci, domin huhun jariri ya yi saurin ƙosawa. An gwada ta a asibitocin ƙasashe biyar har da Nijeriya, sakamakon 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23 da rabi zuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Allura ce mai araha, amma ta asibitin da ya san watannin cikin ce, ba ta kemis ba. Wannan ya dawo da mu ga awo, wanda yawancin matanmu ba sa zuwa sai ciki ya tsufa, ga zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da hawan jini suna ta turo jarirai waje kafin lokaci.

Tun da na ambaci kemis, bari in yi wani gargaɗi da na so a ce na san shi tuntuni. Magungunan nan da ke tsuke jijiyar bayan haihuwa, suna iya tsuke ta tun jariri yana ciki, lokacin da rayuwarsa ta dogara a kanta. Mai tsohon ciki da ke sayen ibufurofen ko dikulofenak a tire saboda ciwon baya tana wasa da ƙofar da ba a so ta rufe yanzu. Haka kuma kada wani ya karanta wannan shafi ya je ya ɗura wa jariri maganin, domin akwai jariran da aka haifa da wata nakasar zuciyar daban, waɗanda wannan buɗaɗɗiyar jijiya ce kaɗai ke riƙe da ransu, rufe ta ajalinsu ne. Ba a gane wannan daga wancan sai da hoton eko. Mu ma a gida akwai abin gyara: wankan jariri da zarar ya faɗo cikin hunturu, zubar da dakashi, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki, da tsohuwar maganar nan cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Ba haka ba ne. Kowane mako da jariri ya ƙara a ciki riba ce gare shi, kuma na san gidan da aka saki jiki da ɗan wata takwas saboda wannan camfi.

Kada a fahimce ni da cewa aikin kateta ba namu ba ne, mu tsaya a zane da auduga. Wannan ma wata irin miƙa wuya ce. Duk bakwainin da aka ceta da ɗumi da iskar oksijin, wasu daga cikinsu za su taso da jijiyar a buɗe kamar 'Yar Auduga, ban da kusan jariri ɗaya cikin ɗari da ake haifa da wata nakasar zuciya a ko'ina cikin duniya. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa aikinsa ya fi na bakwaini sauƙi nesa ba kusa ba: na'urorinsa sun daɗe a kasuwa, aikin bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba, washegari yakan koma gida da ɗan filasta a cinya. Abin da ya cuci yarinyar nan shi ne shekara huɗu tana shiga hannun masu magani tana fita, ba wanda ya tsaya minti biyu ya saurari ƙirjinta. Abin sauraro bai kai kuɗin buhun taki ba. Na'urar eko ma yanzu akwai ta hannu da ake haɗawa da waya. A ce manyan asibitocin Talata Mafara, Bakura da Maradun kowannensu yana da mutum ɗaya da aka horar ya duba zuciyar yaro, kuma aka wajabta sauraron ƙirjin duk bakwaini kafin sallama da ranakun rigakafi, da an rage shekarun ɓata.

Sai maganar inda za a yi aikin. A nan ina jin tsoron halinmu. Mutanen Bakolori sun ga yadda aka kafa injinan yayyafi na zamani bayan kammala madatsar a 1978, suka ga kuma yadda suka tsaya ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta da kayan gyara, har manomi ya koma ga ɗan injinsa na fetur. Ɗakin kateta ya fi injin yayyafi son kulawa. Idan kowane gwamna ya sayi nasa don a yanke kyalle a ɗauki hoto, za mu wayi gari da ɗakuna uku a kulle. Hannun likita sai da yawan aiki yake faɗawa. Sakkwato, Kabi da Zamfara jiha ɗaya ce kafin 1991, kuma har gobe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne babban asibitinmu duka. Abin da ya fi hankali shi ne jihohin uku su haɗa kuɗi su tsayar da cibiya ɗaya mai ƙarfi ta zuciyar yara, mai aiki kowane mako, da wutar rana tata, da likitoci da ma'aikatan jinya da aka tura horo aka kuma riƙe su da albashin da zai hana su tafiya Saudiyya. A fara da yaran da suka tasa. Idan hannu ya faɗa, ɗakunan jarirai suka tsaya da ƙafafunsu, sai a gangaro zuwa kilo biyu, zuwa kilo ɗaya.

Wanda ya ce ba zai yiwu ba, ya tuna cewa an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya tun ranar 1 ga Fabrairu, 1974, a asibitin koyarwa na Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu, tare da wani likita ɗan Masar, Magdi Yakub. Shi wannan Yakub, bayan ya yi suna a Ingila, ya koma gida ya kafa cibiyar zuciya a 2009, kuma bai kafa ta a Alƙahira ba, sai can kudu a Aswan, garin madatsar ruwa, nesa da fadar gwamnati. Kyauta ake aiki a wurin, da gudummawar jama'a ake riƙe ta. Nwankwo Kanu, bayan an gyara masa zuciya a Amurka a 1996, ya kafa gidauniya a shekarar 2000 don yaran da ba su da hali. Mu muna da hukumomin zakka da waƙafi a Zamfara da Sakkwato, muna da attajiran da ke zuwa Umra sau biyu a shekara. Ban ga abin da zai hana a ware waƙafi guda don zuciyar yara ba, a rubuta shi, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a.

Kafin wannan ta tabbata, mu dai an tura mu nesa. Likitan da ya duba hoton ya ce matsin huhunta bai kai inda ake tsoro ba tukuna, amma kada a bari shekara ta zagayo. Kuɗin da aka yanka mana, da na mota da masauki, ya fi abin da gonar mahaifinta ke bayarwa a damina da rani haɗe. Ya sa san nomansa a kasuwa ranar Talatar da ta wuce, bai samu tayin da ya gamshe shi ba, ya komo da shi. Mun yi taron dangi an yi karo-karo, an rubuta abin da ya saura.

Da na je Morai kai rahoto, tsohuwar ta jawo ni gefe. Tambayarta ɗaya ce: "Malam, tsaga ta za su yi?" Na ce a'a Inna, ta cinya za su bi da wani abu kamar tsinke, su toshe wurin su fito. Ta yi shiru tana kallon yarinyar, wadda ke zaune bakin murhu tana haki bayan ɗan gudun da ta yi da 'yan'uwanta. Sai ta tashi ta shiga ɗaka, ta fito da wata tsohuwar tasa ta jere da ta ajiye tun aurenta, ta ce a haɗa da ita a kai kasuwa. An ba mu rana bayan an gama yankan shinkafa.